Manhajojin Da Mai Gina Shafin Intanet Ke Buƙata, Da Wadda Ya Kamata Ya Fara Da Ita



Tambayar da aka fi yi mini ita ce: "Wace manhaja zan sauke don in fara gina shafin intanet?" Mai tambayar yana jiran in ba shi suna guda ɗaya, ya sauke, shi ke nan. To amsar ba suna ɗaya ba ce, amma kuma ba suna hamsin ba ce kamar yadda ake jero su a wasu wurare. Ayyukan mai shafi ba su wuce bakwai ko takwas ba, kuma kowane aiki manhaja ɗaya ko biyu sun ishe shi. Su zan kawo a yau, ɗaya bayan ɗaya, tare da yadda ake amfani da su. Kusan dukkansu kyauta ne, kuma mafi yawansu suna aiki a wayar Android.

Amma kafin nan bari in faɗi dalilin da ya sa na jera su a yadda na jera su.

Shafina na farko na ɗora shi ne a wani masauki na kyauta. Na yi wata takwas ina rubutu a kai, da daddare, da wayata, ina lallaɓa data. Wata safiya na buɗe sai na tarar an rufe asusun. Na aika saƙo ba amsa. Ba ni da kwafin rubutun a ko'ina, domin kai tsaye nake rubutawa a cikin shafin. A lokacin wayata cike take da manhajojin gyaran hoto da na ƙawata rubutu, amma babu ko ɗaya da ke ajiye mini aikina. Abin da na iya cetowa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba.

Tun daga ranar na sauya tsari. Kayan aikin da ke hana aikinka ɓacewa su ne na farko, na biyu waɗanda ke sa shafin ya buɗe da sauri a wayar mai ƙaramar data, sannan sauran su biyo baya. A haka za mu bi su.

1. Abin da zai ajiye maka aikinka

Idan kai mai rubuta kod ne, wato HTML da CSS da JavaScript da makamantansu, abin da za ka fara koyo shi ne Git. Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiri Linux, shi ne ya samar da shi a 2005. Aikinsa shi ne riƙe tarihin duk canjin da ka yi wa fayilolinka. Idan yau ka taɓa wani abu shafin ya lalace, za ka iya komawa yadda yake jiya ko makon jiya, ba tare da ka cika waya da folda mai suna "sabo", "sabo2", "sabo na ƙarshe" ba.

Git a na'urarka yake zaune. GitHub kuma gida ne a intanet inda kake aika kwafin wannan tarihi. An buɗe shi a 2008, Microsoft ya saye shi a 2018 kan dala biliyan 7.5, kuma tun 2019 asusun kyauta yana iya buɗe rumbu na sirri wanda ba mai gani sai kai. Umarni huɗu sun ishe ka farawa:

- `git init` yana fara riƙe tarihin foldar da kake ciki.
- `git add .` yana tattara canje-canjen da ka yi.
- `git commit -m "na gyara shafin farko"` yana ajiye su da ɗan bayani.
- `git push` yana aika su GitHub, bayan ka haɗa foldar da rumbunka na can.

Abu biyu za ka kiyaye. Na farko, tun watan Agustan 2021 GitHub ya daina karɓar kalmar sirrin asusu wajen `git push`, sai ka ƙirƙiri token a cikin Settings ko ka yi amfani da makullin SSH. Da yawa a nan suke maƙalewa, su zaci sun manta kalmar sirrinsu ne. Na biyu, kada ka taɓa aika fayil mai ɗauke da kalmar sirri ko makullin biyan kuɗi zuwa rumbun da kowa ke gani. Rubuta sunan irin wannan fayil a cikin `.gitignore`, Git zai tsallake shi.

Idan kuma kai marubuci ne mai amfani da WordPress ko Blogger, ba sai ka koyi Git ba. A Blogger shiga Settings, ka nemi Back up content, ka sauke kwafin rubuce-rubucenka. A WordPress shiga Tools, sannan Export. Sai dai a lura, fayil ɗin da Export ke bayarwa rubutu ne kawai da adireshin hotuna, hotunan kansu ba sa ciki. Don samun cikakken kwafi, saka UpdraftPlus, ka haɗa shi da Google Drive ɗinka mai 15GB na kyauta, ka saita shi ya riƙa kwashe rumbun bayanai da hotuna da kansa duk mako.

Masana suna da ƙa'ida da suke kira 3-2-1: kwafi uku na aikinka, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri dabam. A aikace, ɗaya a masaukin shafin, ɗaya a wayarka ko filashi, ɗaya a Google Drive ko GitHub. Kwafin da ke zaune a masauki ɗaya da shafin ba kwafi ba ne, domin ranar da masaukin ya tafi, tare za su tafi. Kuma ka gwada dawo da shafin daga kwafin ko sau ɗaya, don ka tabbata yana aiki kafin ranar da za ka buƙace shi.

Ga wanda ya riga ya yi asara kuwa, ya leƙa Wayback Machine a web.archive.org, ya rubuta adireshin tsohon shafinsa. Wannan rumbu na Internet Archive yana ɗaukar hoton shafuka lokaci zuwa lokaci. Ba ya ɗaukar komai, musamman ƙananan shafuka, amma a nan na tsinci ɗan abin da na ceto.

2. Makullan gidanka

Hanya ta biyu da aiki ke ɓacewa ita ce a ƙwace maka asusu. Imel ɗinka shi ne uwar makullai, domin duk wanda ya shiga cikinsa zai iya sauya kalmar sirrin masaukinka da ta sunan shafinka da ta GitHub.

Sauke Bitwarden. Manhaja ce da ke ƙirƙira maka kalmar sirri mai tsawo, daban ga kowane asusu, ta kuma riƙe maka su. Guda ɗaya kawai za ka haddace, wadda ke buɗe ita manhajar. Amfanin haka shi ne, idan aka sace bayanan wani shafi da ka yi rajista a kai, ɓarayin ba za su iya buɗe sauran asusunka da kalmar da suka samu ba.

Bayan haka kunna tabbatarwa mai mataki biyu a imel da GitHub da masauki. Ka fi dogara da manhaja irin Google Authenticator ko Aegis, mai ba da lamba shida da ke canzawa duk daƙiƙa 30, a kan saƙon tes. Layin waya yana ɓacewa, ana yi masa canji ta hanyar zamba, kuma idan ya daɗe ba a amfani da shi kamfani yakan sayar wa wani. Lokacin da kake kunnawa za a ba ka lambobin gaggawa. Rubuta su a takarda da biro, ka ajiye inda kake ajiye takardun makaranta. Idan waya ta faɗa ruwa ko aka ƙwace ta a hanya, su ne za su mayar da kai cikin asusunka.

A nan zan ja kunne kan rigar shafi da fulogin na kuɗi da ake rabawa kyauta a gurufgurof na Telegram da WhatsApp, waɗanda aka fasa. Wanda ya fasa ya raba ba don Allah ya yi ba. Da yawansu an cusa musu kod da ke buɗe wa wani ƙofar baya, ko ya riƙa tura masu karatunka shafin caca, ko ya ɗora tallan batsa a shafinka ba ka sani ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Rigunan kyauta da ke cikin rumbun WordPress na ainihi sun ishi mai farawa.

3. Inda za ka rubuta kod

A kwamfuta, Visual Studio Code na Microsoft, wanda ya fito a 2015, shi ne abin da mafi yawa ke amfani da shi, kuma kyauta ne. Idan kwamfutar aro ce ko ta shagon intanet, buɗe vscode.dev a burauza ba sai ka sauke komai ba. Haka nan idan kana cikin rumbunka na GitHub ka danna alamar ɗigo a kibod, editan zai buɗe nan take.

A waya kuwa, Acode edita ne mai sauƙi da ke bambanta kod da launuka, yana kuma nuna maka yadda shafin zai fito. Sai Termux, wanda ke ba ka irin baƙin allon Linux a cikin Android. An fi ba da shawarar a sauke shi daga F-Droid. Bayan ka buɗe, rubuta `termux-setup-storage` don ya ga fayilolin wayarka, sannan `pkg install git python`. Shiga foldar aikinka ka rubuta `python -m http.server 8000`, sai ka buɗe Chrome ka shiga `localhost:8000`. Ga shafinka nan yana aiki a cikin wayarka, ba ka kashe data ko kilobait ɗaya ba.

Matsalar waya ita ce Chrome na Android ba shi da allon binciken kuskure irin na kwamfuta. Maganinta Eruda, wani ɗan kod na JavaScript da kake sakawa a shafinka lokacin gwaji, ya fito maka da wannan allo a fuskar wayar. Ka tuna ka cire shi kafin ka saki shafin. Idan kuma ka ga shafin da ya burge ka, saka `view-source:` a gaban adireshinsa, za ka ga HTML ɗin da aka gina shi da shi. Da wannan dabara na koyi abubuwa da yawa.

Gaskiya ita ce rubuta kod a waya da wahala. Idan da hali, sayi ƙaramin kibod mai Bluetooth ko igiyar OTG ka jona kibod na kwamfuta. Amma rashin kwamfuta ba dalilin ƙin farawa ba ne.

4. Suna da masauki

Waɗannan abubuwa biyu ne daban, kuma rashin sanin bambancinsu yana jawo asara. Sunan shafi, wato domen, kamar lambar gida ce. Masauki kuma shi ne ginin da kayanka ke ciki. Idan sunan naka ne, duk ranar da masauki ya ɓata maka rai sai ka kwashe kayanka ka koma wani, masu karatunka ba za su ma san ka tashi ba. Idan kuwa sunan na masaukin ne, kamar wanda shafina na farko ya yi amfani da shi, ranar da aka kore ka, da masu karatun da matsayinka a Google duk sun tafi.

Sunayen da ke ƙarewa da .ng da .com.ng ƙungiyar NiRA ce ke kula da su, ana kuma sayensu da naira ta hannun dillalan da ta amince da su. Wannan sauƙi ne ga wanda biyan dala ke ba shi wahala. Na Nijar shi ne .ne, na Ghana .gh, na Kamaru .cm. Suna haya ce ta shekara, ba saye na dindindin ba. Saka ranar ƙarewarsa a kalandar wayarka da tunatarwa wata guda kafin lokacin, domin idan ya faɗi wani zai iya ɗauka.

Idan kana gina wa wani shafi, yi rajistar sunan da imel ɗin mai shafin, ba da naka ba. Idan kuma wani ne ke gina maka, ka tabbata da naka aka yi. Rigingimu da yawa tsakanin mai shago da wanda ya gina masa shafi daga nan suke tasowa.

Batun masauki ya danganta da irin shafinka. Shafin da ba shi da rumbun bayanai, HTML da CSS da JavaScript kawai, GitHub Pages zai ɗauke shi kyauta, ya ba ka adireshi mai ƙarewa da github.io, kana kuma iya jona sunan da ka saya. A asusun kyauta dole rumbun ya zama buɗaɗɗe. Cloudflare Pages da Netlify ma suna yin wannan aiki, duk lokacin da ka yi `git push` shafin ya sabunta da kansa. Waɗannan sun bambanta da masaukin da ya cuce ni ta fuska ɗaya muhimmiya: ainihin fayilolin suna hannunka, kwafi kawai kake ba su.

WordPress kuwa yana buƙatar masauki mai PHP da rumbun bayanai, wannan sai an biya. Matt Mullenweg da Mike Little ne suka fara shi a 2003, yau sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya a kansa suke. A bambance WordPress.org, inda kake ɗaukar manhajar ka ɗora inda ka so, da WordPress.com, wanda kamfani ne da ke ba da masauki da nasa sharuɗɗa. Wanda bai da kuɗin masauki ya fara da Blogger na Google, ya jona masa sunan da ya saya, ya riƙa sauke kwafi.

Sai HTTPS. Tun watan Yulin 2018 Chrome yake rubuta "Not secure" a gaban shafin da ba shi da shi, mai karatu ya gani ya tsorata. Kada ka biya kuɗi don wannan. Let's Encrypt yana ba da takardar shaidar kyauta, wa'adinta gajere ne amma ana sabunta ta kai tsaye, kuma masaukai masu kyau suna kunna maka ita da danna maɓalli ɗaya. GitHub Pages da Blogger ma suna bayarwa.

A ƙarshe yi rajista a UptimeRobot. A tsarinsa na kyauta yana duba shafinka duk minti 5, ya aiko maka imel idan ya faɗi. Gara ka ji daga gare shi da ka ji daga bakin wanda ya biya ka.

5. Rage wa shafi nauyi

Mai karatunka ba a ofis mai Wi-Fi yake ba. Wataƙila ya sayi datar kwana ɗaya ne, yana wurin da sabis ke zuwa yana ɗaukewa. Hoton da kyamarar waya ke ɗauka yakan kai 3MB zuwa 5MB. Idan ka saka guda biyar a rubutu ɗaya haka nan, ka ci masa wajen 20MB kafin ya karanta layi guda. Ba zai tsaya ba, kuma ba zai dawo ba.

Buɗe squoosh.app, wanda ƙungiyar Chrome ta Google ta samar. A cikin burauzarka yake aiki, hoton ba ya barin wayarka. Rage faɗin hoton zuwa fiksel 1200, zaɓi WebP, saita inganci wajen 75. Hoton da ke 4MB sau da yawa zai dawo ƙasa da 200KB, ido ba zai ga bambanci a fuskar waya ba. TinyPNG ma yana wannan aiki, sai dai shi sai ka ɗora hoton a intanet tukuna, wato zai ci data.

Masu rubuta HTML su ƙara `loading="lazy"` a hotunan da ke can ƙasa, don kada su sauka sai mai karatu ya iso wurin. Su kuma rubuta `width` da `height` na kowane hoto, don kada rubutu ya riƙa tsalle yayin da hotuna ke fitowa.

Daga nan gwada shafin a pagespeed.web.dev, ka duba ɓangaren waya. Google yana auna abu uku. LCP shi ne lokacin da babban abin da ke shafin ke ɗauka kafin ya bayyana, ana so kada ya wuce daƙiƙa 2.5. INP shi ne saurin amsawar shafi idan an danna abu, kada ya wuce milisakan 200, shi ne ya maye gurbin FID a watan Maris na 2024. CLS kuma shi ne tsalle-tsallen da na ambata, kada ya wuce 0.1. Kada ka haukace da neman maki 100. Gyara abu biyu ko uku da ya nuna sun fi nauyi, yawanci hotuna ne da tarin fulogin da tallace-tallace.

Cloudflare a tsarinsa na kyauta yana ajiye kwafin hotuna da fayilolin shafinka a cibiyoyinsa da ke birane da dama, har da Legas. Mai karatu a Kano ko Maraɗi ba sai saƙonsa ya je Amurka ya dawo kan kowane hoto ba.

Gwaji na ƙarshe shi ne mafi gaskiya: ari tsohuwar wayar wani a gida, mayar da ita 3G, buɗe shafin a Chrome da Opera Mini. Abin da ka gani shi ne abin da mutane ke gani.

6. Haruffan Hausa

Wannan ba za ka same shi a darussan Turawa ba. Idan ka taɓa ganin shafi inda "ƙasa" ta koma alamar tambaya ko ɗan akwati, ɗayan abu biyu ne ya faru.

Ko dai ba a gaya wa burauza tsarin haruffan ba. Saka `<meta charset="utf-8">` a saman shafin, ka kuma fara shi da `<html lang="ha">` don manhajojin karanta wa makafi su san Hausa ce. Idan kana da rumbun bayanai na MySQL, zaɓi utf8mb4.

Ko kuma salon rubutun da ka zaɓa ba shi da haruffan masu lanƙwasa. Sai burauza ta aro su daga wani salo, ka ga ƙ da ɗ sun fita daban a tsakiyar kalma. Kafin ka ɗauki salo a Google Fonts, rubuta Ƙ ƙ Ɗ ɗ Ɓ ɓ Ƴ ƴ a akwatin gwaji ka ga ko sun fito daidai. Noto Sans yana da su duka. Don rubuta su a waya, shiga saitin Gboard ka ƙara Hausa a jerin harsuna.

Wuri ɗaya ne ba a son su: adireshin rubutu. Idan ka saka ƙ a adireshi, lokacin da aka kwafa zuwa WhatsApp yakan koma tarin alamomin kaso da lambobi, ya yi tsawo ya yi muni. Bar adireshin da haruffa marasa lanƙwasa, amma a cikin rubutu ka yi daidai, domin "ƙasa" daban "kasa" daban.

7. Yadda mutane za su same ka

Google Search Console kyauta ne. Tabbatar masa shafin naka ne, ka ba shi taswirar shafin. Blogger yana da ita a `sitemap.xml`, WordPress kuma tun sigar 5.5 ta 2020 yana samar da `wp-sitemap.xml` da kansa. Bayan 'yan makonni zai fara nuna maka kalmomin da mutane suka rubuta har suka iso gare ka, da shafukan da ya kasa karantawa. Waɗannan kalmomi su ne za su gaya maka abin da za ka rubuta a gaba, kuma a nan za ka ga yadda Hausawa ke rubuta tambayarsu da gaske, Hausa haɗe da Turanci.

Masu karatun Hausa da yawa daga WhatsApp da Facebook suke zuwa, ba daga Google ba. Hoto da kanun da ke fitowa idan an tura mahaɗin shafinka daga alamomin Open Graph suke, wato `og:title` da `og:description` da `og:image`. Idan hoton bai fito ba ko tsohon ne ke fitowa, saka adireshin a Sharing Debugger na Facebook ka danna Scrape Again.

Google Analytics yana ƙirga baƙi, amma ga mai farawa ba dole ba ne. Duba ƙidaya sau ashirin a rana ba ya ƙara mai karatu ko ɗaya.

8. Inda za ka koya

freeCodeCamp, wanda Quincy Larson ya kafa a 2014, yana koyar da HTML da CSS da JavaScript mataki-mataki, kana rubutawa kana gani. MDN Web Docs na Mozilla shi ne ƙamus ɗin da ƙwararru ke komawa. W3Schools ya fi sauƙin Turanci. Caniuse.com yana gaya maka ko tsofaffin burauza sun san wani sabon abu da kake son amfani da shi. Devdocs.io kuma yana ba ka damar sauke bayanan ka karanta ba data. Idan kod ya ƙi aiki, kwafi saƙon kuskuren yadda yake ka nema, sau da yawa wani ya riga ya tambaya a Stack Overflow.

ChatGPT da ire-irensa suna taimakawa wajen bayyana kod da gano kuskure. Amma kada ka saka kod ɗin da ba ka fahimta ba a shafin wanda ya biya ka, domin ranar da ya lalace kai za a kira. Kuma kada ka liƙa musu kalmar sirri ko bayanan mutane.

Aikin gida

Kada ka sauke duk waɗannan yau. Ga abin da za ka yi a wannan makon:

1. Idan kana da shafi, sauke kwafinsa yanzu, ka ajiye a wuri biyu.
2. Kunna tabbatarwa mai mataki biyu a imel ɗinka, ka rubuta lambobin gaggawa a takarda.
3. Duba sunan wa da imel ɗin wa ke kan rajistar domen ɗinka, da ranar da zai ƙare.
4. Ɗauki hoto mafi nauyi a shafinka, rage shi da Squoosh, ka gwada PageSpeed kafin da bayan.
5. Idan ba ka da shafi tukuna, buɗe asusun GitHub, rubuta `index.html` mai ɗauke da sunanka da jimla ɗaya mai ƙ da ɗ da ɓ, ka ɗora a GitHub Pages, ka tura wa abokinka ya buɗe a wayarsa.

Wanda ya yi na ɗaya da na biyu kawai ya riga ya tsallake ramin da ni na faɗa. A darasi na gaba in Allah ya yarda za mu ɗauki Git shi kaɗai, daga saka Termux har zuwa `git push` na farko, da yadda ake komawa baya idan an yi kuskure.